Injin da Ke Mutuwa a Tsakiyar Kogi

Babana mai fito ne. Ya fi shekara arba'in yana ƙetarar da mutane daga wannan gaɓa zuwa waccan. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar ɓawon itace. Ba ya sa hula a kan ruwa, don iska ta sha ɗauke masa, sai dai wani tsohon tawul da yake ratayawa a wuya, da shi yake share gumi, da shi yake share inji.

Da gora da filafili ya fara, a jirgin mahaifinsa. Injin kuwa na hannu ne, ya saye shi wurin wasu masunta da za su tashi daga garin, wata huɗu kafin a haife ni. Shi ya sa tun ina ƙarama, in na kai masa abinci bakin ruwa, sai ya ce, "Uwata, ba ki gaida yayanki ba." Ni kuma in durƙusa in gaida inji, masu fito su yi ta dariya. Ƙaramin inji ne mai ƙarfin doki takwas, irin wanda ake maƙalawa a bayan jirgi a ɗaure da ƙusa biyu, da yamma a kwance shi a saɓa a kafaɗa zuwa gida. Fentinsa ya daɗe da gogewa. Baba ya ce da shuɗi ne, Inna ta ce toka-toka ne, har yau ba su daidaita ba.

Abin da aka san Baba da shi a mashiga shi ne kunne. In injin wani ya fara gardama, kafin ya kai wa bakanike sai ya biyo ta wurin Baba. Baba zai ce, "Tayar in ji." Ya karkata kai kamar mai sauraren gulma ta bayan katanga, can sai ya ce, "Fuloginka ya jiƙe," ko "Akwai ruwa a manka." Da wuya a buɗe a tarar ba haka ba ne. Bakaniken mashigar, wanda kowa ke kira Mai Sifana, yakan ce shi dai Baba ya hana shi yin ƙiba.

Ni tela ce. Shagona yana saman gangaren da ke sauka mashiga, ƙofarsa na kallon kogi. Daga kan kekena ina ganin gaɓar nan da ta can, da duk jirgin da ke tsakani. Fito ɗaya minti ashirin ne in ruwa na kwance. Na saba da ganin jirgin Baba yana tafiya yana dawowa har na daina lura, kamar yadda mutum ke daina jin agogon ɗakinsa.

Bara, lokacin da ruwa ya fara ja baya, wata safiya na ɗaga kai daga ɗinki sai na ga jirginsa tsaye a tsakiyar kogi, hancinsa yana juyawa gangare a hankali. Na hango shi a miƙe yana jan igiyar tayarwa. Ya ja, ya ja, ya zauna, ya sake miƙewa. An ɗan jima sai na ga hayaƙi ya tashi, jirgi ya gyara fuska ya ci gaba. Da ya dawo na tare shi a gangare.

"Baba, lafiya na ga ka tsaya?"

"Fulogi ne," ya ce, bai ko kalle ni ba. "Ba komai."

Ya kwance fulogin, ya goge bakinsa da sanfefa, ya hura, ya mayar. Washegari injin ya sake mutuwa, kusan a daidai wurin jiya. Ya sayi sabon fulogi. Kwana biyu lafiya, rana ta uku ya mutu sau biyu, tafiya da dawowa.

Daga nan gidanmu ya koma gareji. Baba ya fara da mai. Ya juye tankin duka cikin farar robar wankin Inna, ya zauna yana jira ya ga ko ruwa zai kwanta a ƙasa. Ɗan digo ya gani, bai kai cokali ba, amma ya riƙe shi hujja. Ya daina sayen fetur wurin mutumin da ya shekara goma yana saya, har mutumin ya daina amsa gaisuwarmu. Ya zo shagona ya tsinci ƙyallayen da suka rage, yana tace mai da su sau biyu kafin ya zuba. Ya rage baƙin man da yake gaurayawa, ya ga ba canji, ya ƙara, hayaƙi ya yi yawa har fasinja na tari, ya koma yadda yake da. Ya canza tiyon da ke kai mai daga tanki. Ya canza ɗan famfon robar da ake matsawa kafin a tayar. Ya kwance 'yar ƙusar iskar da ke kan murfin tanki, ya soka mata allura, ko da ta toshe ne take hana mai gudu.

Injin ya ci gaba da mutuwa.

Wata rana da la'asar na leƙa gida na tarar ya baje kafireto, abin da ke gauraya mai da iska, a kan babban farantin Inna na baƙi, ƙananan ƙusoshi da 'yan ƙarafa jere kamar ana shirin sayarwa. Yana riƙe da silin waya da ya zare daga birkin keke, yana zura shi cikin ɗan ramin da mai ke bi, ya ɗaga wa rana ya leƙa, ya hura.

Inna tana tsaye da hannu a ƙugu. "Malam, duk farantan gidan nan ba ka ga na ɗauka ba sai wannan?"

"Shi ne fari. In abu ya faɗi zan gan shi."

"To in baƙi sun zo sai mu zuba musu a murfin inji."

Bai amsa ba. A lokacin na ɗauka share ta ya yi.

Ya haɗa kafireton ya mayar, injin ya tashi da ja ɗaya, yana ƙara mai daɗi. Baba ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Datti ne." Ranar ya ci abinci sosai. Da safe injin ya mutu a tsakiyar kogi da mutum goma sha ɗaya a ciki.

Sai da ya yi wata guda yana wannan fama kafin ya yarda ya saɓi injin ya kai rumfar Mai Sifana. Na san abin ya yi masa nauyi, don bai bi ta gaban masu fito ba, ta bayan shaguna ya zaga. Mai Sifana ya maƙala injin a bakin duro cike da ruwa, ya tayar. Ya duba ɗan tsirin ruwan da ke fita ta baya, wanda masu fito ke kira fitsarin inji, ya tara hannu ya ji ɗuminsa. Ya murɗa totur, ya sake. Injin ya yi awa guda yana aiki bai yi ko tari ba.

"Baba, wannan ai ya fi ni lafiya," in ji Mai Sifana.

"A duro ba ya ɗauke da mutum goma sha biyu da kayansu," Baba ya ce.

"To ni abin da ban gani ba ya zan gyara shi? Sai ka kawo min shi yana cikin rashin lafiyar."

"In ɗauko kogin in kawo maka rumfa ke nan."

Ni dai abin da na iya shi ne kallo. Akwai agogo a bangon shagona, sai na fara duba shi duk lokacin da Baba ya tashi daga gaɓa. Na yi mako guda ina rubutawa da allin tela a jikin ƙofa. Minti sha biyu, sha uku, sha biyu, sha ɗaya. In kaya ba yawa yakan kai sha biyar. Kuma in ya mutu ba ya tashi sai ya huta kamar minti biyar, komai jan da aka yi. Na kai wa Baba wannan lissafi ina jin na gano wani abu. Ya saurara, ya gyaɗa kai.

"In ya ɗauki zafi ke nan," ya ce. "Amma me ke ɗaukar zafin?"

Mai Sifana ya ce zai bi shi fito ɗaya ya gani da idonsa. Ya rufe rumfa da hantsi, ya ɗauki sifana biyu da sukundireba ya shiga jirgi, ya zauna kusa da Baba. Shi ne ya ba ni labarin abin da ya faru, don da suka dawo bai koma rumfarsa ba, shagona ya hawo ya zauna a kan benci yana juya sifana a hannu.

Ya ce suna kaiwa minti goma injin ya fara tsallake wuta, yana yi kamar mai shaƙuwa, ya yi ya daina, ya yi ya daina. Ya dubi Baba yana jiran ya sassauta totur, ya ga Baba na kallon gaba, hannunsa bai motsa ba. Wajen minti guda injin yana wannan kuka kafin ya mutu.

"Na ce masa, Baba, ba ka ji ba? Ya ce, me? Na ce, tun can yake tsallake. Sai ya ce, na ji mana. 'Yar Baba, wallahi bai ji ba. Mutumin da ke jin fulogi ya jiƙe daga nesa."

Game da injin kuwa, ya ce yana mutuwa ya yi maza ya kwance fulogi da zafinsa, ya jingina shi a jikin ƙarfe, ya sa Baba ya ja igiya. Babu wuta. Da suka jira ya huce aka sake ja, sai ga tartsatsi shuɗi. Koyil ne, abin da ke ba fulogi wuta. Ya tsage daga ciki, in ya yi zafi tsagar ta buɗe, in ya huce ta rufe.

"To ai an gano," na ce. "Sai a sa sabo."

Ya yi ɗan murmushi. "Irin wannan injin an daina yinsa tun kafin in fara koyon aiki."

Da yamma na je gida na ja Inna ɗaki na gaya mata. Ba ta yi mamaki ba. Ta kama hannuna muka fito tsakar gida, inda Baba ke zaune kan turmi ya ba mu baya, yana wanke tawul ɗinsa a bokiti. Ta tsaya ta hagunsa, taku uku kacal, ta ce, "Malam." Bai juyo ba. Ta ɗaga murya, "Malam, ga Uwarka ta zo." Ya ci gaba da cuɗa tawul. Sai ta zaga ta dama ta taɓa kafaɗarsa, ya ɗago yana fara'a.

"Uwata, yaushe kika shigo?"

Da muka koma ɗaki Inna ta ce, "Kunnen hagun ya shekara biyu da tafiya. Shi ne ɓangaren inji. Na daman ma bana ya fara bin sa. Kina ganin rediyon nan da yake ƙure wa murya, kin ɗauka son labarai ne?"

"Me ya sa ba ki faɗa ba, Inna?"

"In faɗa wa wa? Shi ya sani, ni na sani. Ranar da na yi masa maganar asibiti kwana biyu bai ci abincina ba."

Mijina direban babbar mota ne, yana zaga garuruwa da yawa. Mai Sifana ya ciro koyil ɗin muka ɗauki hotonsa gaba da baya, muka auna shi da tef ɗina na ɗinki, aka mayar. Mijina ya shiga kasuwannin kayan gyara ɗaya bayan ɗaya. Wasu su dubi hoton su yi dariya, wasu su ce ya dawo mako mai zuwa. Bayan wata ɗaya ya kawo wani sabo fil a kwali. Ramukan ƙusarsa ba su hau ba. Mai Sifana ya yini yana goga da huda, daga ƙarshe ya zauna, amma injin ya ƙi tashi sam. Aka cire aka mayar da tsohon.

Karo na biyu mijina ya samo na wani mataccen inji irin namu, a wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa. Wannan ya hau daidai. Baba ya ƙetare ya dawo, ya ƙetare ya dawo, ba tsayawa. Na goge rubutun allin da ke jikin ƙofata. Baba ya koma zama cikin masu fito a rumfa, har na ji yana tsokanar Mai Sifana cewa surukinsa direba ya fi shi iya gyara. Kwana goma sha tara aka yi haka. Rana ta ashirin na ɗaga kai na ga hancin jirgin yana juyawa gangare. Shi ma wancan koyil ɗin tsoho ne, shekarunsu ɗaya da namu.

Maganar sabon inji kuwa ba ta taso ba. Ko an haɗa jirgin da kekena an sayar ba za su kai ba, Baba ya sani, mu ma mun sani.

Mai Sifana ya ce akwai dabara ɗaya. In aka sassauta totur da zarar ya fara tsallake, aka bar shi yana tafiya a hankali kamar mai rarrafe, yakan jure har gaɓa. Abin dai sai an ji shi da wuri. Na kwana biyu ina juya maganar, sannan na samu Baba a bakin ruwa da sassafe yana zuba mai. Na tsaya ta damansa.

"Baba, yau zan bi ka."

"Ina za ki a ƙetare?"

"Ba inda za ni. Zan zauna kusa da inji. In na ji ya canza murya sai in taɓa gwiwarka."

Ya daɗe yana kallona. Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya rufe murfin tanki, ya share hannu da tawul, ya ce, "Innarki ce ko Mai Sifana?"

"Ni ce da kaina."

"To shiga. Ki kula da zanenki, akwai mai a wurin."

Kafin fasinja su cika ya yi ƙoƙarin koya min. Ya ce lafiyayyen inji yana magana ne a jere, kalma na bin kalma. In zai mutu sai ka ji ya haɗiye kalma ɗaya a tsakani. Ya kwaikwaya min da bakinsa, ya sake kwaikwaya. Na ce na gane.

Ban gane ba. Da muka hau ruwa ƙarar ta cika min kai, ga ruwa na dukan katako, ga mata biyu na gardama kan kwando, ga iska. Duk ƙarar iri ɗaya ce a kunnena. Tun muna minti biyar na ji kamar wani abu, na taɓa gwiwarsa, ya sassauta, ashe ba komai. Na sake taɓawa, ya sake sassautawa, fasinja suka fara gunaguni cewa za su makara. Sai na ce bari in dake sai na tabbata. Ina cikin tabbatarwa injin ya mutu.

Shirun da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa ba. Daga shago jirgin da ya tsaya kamar a tsaye yake. A cikinsa kuwa sai ka ga gaɓa tana tafiya, bishiyoyin can suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Baba ya ɗauki filafili ya riƙe hancin jirgin kada ya ba ruwa gefe. Da injin ya huce ya tayar muka ƙarasa. Da muka dawo ya ce, "Koma kan kekenki, Uwata. Ni ma sai da na shekara biyar kafin in fara ji." Na ƙara bin sa sau uku duk da haka. Sau ɗaya na dace.

Fasinja suka fara raguwa. Ba wanda ya yi masa rashin kunya, don yawancinsu shi ya ƙetarar da iyayensu. Sai dai mutum ya zo ya gaishe shi da ladabi, ya ce yana jiran wani ne, can ka gan shi ya shige jirgin gaba. Waɗanda suka rage masa su ne tsofaffi, da masu kaya da yawa, da baƙin da ba su sani ba.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, jirage duk sun cika, har na Baba. Da azahar iska ta taso daga sama, ruwa ya yi tudu-tudu. Ina yanka wata riga na ji matar da ke sayar da lemo a ƙofata ta ce, "Ba jirgin babanki ne can ba?" Na fito da almakashi a hannu. Ya mutu a wurin da ya saba, amma ranar ruwa na da ƙarfi, ga nauyi. Ina ganin Baba yana tuƙi da filafili ta wannan gefe, ya koma wancan, jirgin yana ƙin ji. Ƙasa da mashiga akwai wata babbar bishiya da ambaliya ta kayar, rassanta a cikin ruwa, can ruwa ke jan su.

Na gangara da gudu har ruwa ya kai min gwiwa, na tsaya. Ban iya iyo ba, ni 'yar mai fito. Ina ta kiran "Baba, Baba," alhali ko yana gabana ba lalle ya ji ba. Wani saurayi mai sabon inji ya sauke fasinjansa ya fita da gudu. Kafin ya kai, wata mata a jirgin Baba ta tsorata da ganin rassan ta miƙe tsaye, jirgin ya karkata, ta faɗa ruwa. Na ga Baba ya saki filafili ya miƙa mata gora. Ta kama. Ya jawo ta har gefen jirgi, maza biyu suka ɗago ta. Filafilin ya tafi. Saurayin ya iso ya jefa igiya, ya ja su zuwa gaɓa.

Ba wanda ya rasa rai. Matar ta yi amai, aka lulluɓe ta da zane, mijinta ya zo ya tafi da ita. Baba ya zauna a bayan jirgi bai fito ba har kowa ya watse. Kafaɗarsa ta dama ta gurɗe wajen jan gorar, sai da yamma muka sani.

Bayan kwana uku shugaban masu fito ya kira shi rumfa. Shugaban nan a hannun Baba ya koyi tuƙi. Na bi Baba na tsaya daga bakin rumfa. Akwai mutum kamar goma a zaune. Shugaba ya matso kusa da shi, ya sunkuyar da kai, ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada sauran su ji.

"Baba, ni ba ni da bakin da zan gaya maka wannan. Amma an taru an ce ka ɗan dakata da ɗaukar mutane, sai an samu gyara. Kaya dai ba laifi."

Baba ya karkato da kunnen dama. "Ka ce me?"

Shugaba ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya maimaita da ɗan ƙarfi.

"Ɗaga murya, ɗana, iska ta yi yawa."

Babu iska ranar. Sai da Shugaba ya faɗa karo na uku, da ƙarfin da har mai lemo ta ji daga saman gangare: "An ce ka daina ɗaukar mutane, Baba. Kaya kawai." Duk waɗanda ke rumfar suka sunkuyar da kai, wani yana gyara takalmi, wani yana duba waya.

Baba ya gyaɗa kai a hankali. "Gaskiyarku," ya ce. "Ni ma da haka zan yanke." Ya dafa gwiwa ya tashi.

Ciwon kafaɗar ne ya sa ya yarda muka je asibiti, ni kuma na roƙi likitar ta duba kunnen tunda an zo. Aka sa masa wani abu a kai, aka ce ya ɗaga hannu duk lokacin da ya ji ƙara. Ina zaune a gefe ina jin 'yar ƙarar tana fita, hannunsa na kan cinya. Likita ta ce ba datti ba ne, ba kuma abin da magani zai dawo da shi ba ne. Ta ce wanda ya rage a lallaɓa shi, ya nisanci ƙara. Na faɗa wa Baba a kunne. Ya yi dariya, karo na farko a makon.

"Ki tambaye ta ko tana da inji marar ƙara."

Yanzu kaya yake ɗauka: itace, buhunan gawayi, bulo, wani lokaci awaki in mai su ya yarda ya bi wani jirgin ya tarye su a can. Sawu biyu yake yi a rana, da safe kafin iska ta tashi. Ya daina sa takalmi a jirgi, yana dafa tafin ƙafarsa a katakon da injin ke maƙale, wai yana jin rawar injin ta canza kafin ya mutu. Wani lokaci yana dacewa. Ni ce nake taya shi saɓa injin zuwa gida, don kafaɗar ba ta koma daidai ba, ni da shi muna riƙe da shi kamar mai jinya. Mijina bai daina tambaya a kasuwanni ba, hoton yana nan a wayarsa.

Da rani ya yi nisa wani tudun yashi ya fito a tsakiyar kogi, ɗan sama da hanyar jirage. Baba ya mayar da shi zango. Yakan nufe shi kai tsaye, minti tara, ya kashe injin da kansa kafin ya mutu, ya kafa gora, ya zauna a kan buhu. Daga shago ina ganin sa shi kaɗai a can, jirage masu mutane suna wucewa ta gefensa, wasu su ɗaga masa hannu. In ya ƙiyasta injin ya huce sai ya tashi ya ja igiya ya ƙarasa.

Shekaranjiya an yi ruwan farko. Jiya da ya dawo na tambaye shi yadda tudun yake. Ya nuna min da hannunsa, daga yatsa zuwa gwiwar hannu, abin da ruwa ya ci a kwana ɗaya.

"In ya nutse fa, Baba?"

Ya ga bakina ya motsa, ya matso da kunnen dama. Na buɗe baki zan maimaita, sai na fasa, na ce masa Inna ta ce ya biya ya sayo sabulu.